Inna Rakiya da Ta Juye Gindin Mai a Tashar Kubwa

Kafin motar farko ta cika a tashar Kubwa, Inna Rakiya ta riga ta goge kaskonta da toka, ta kife shi ya tsane. Shekara ashirin da ɗoriya tana soya ƙosai a wurin, mu masu sammakon shiga gari aiki muna tsayawa mu karya. Wanke kaskon nan kullum, ka ji laifin da ya jawo mata baƙin jini.

Wanda bai san sana'ar ba sai ya ce mene ne a ciki. To, masu suya a tashar suna da abin da suke kira gindin mai, wato ragowar baƙin man da ke kwantawa a ƙasan kasko. Ba a zubar da shi, sabo ake tsiyayawa a kai yau da gobe, har ya yi kauri kamar kwalta. Sun ce a nan ɗanɗano yake, a nan albarkar kasuwa take. Uwa kan ɗibar wa 'yarta a kwalba ranar da za ta kafa nata murhun. Inna ma daga mahaifiyarta ta gaji nata.

Shekarar da yayarta Mashkura ta kwanta da ciwon dajin nono, Inna ce ta yi jinya. A asibiti wata nas mai suna Hannah ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Ta ce nono yawancinsa kitse ne, kuma idan mace ta daina al'ada, kitsen jikinta kan samar da wani sinadari da wasu ire-iren ciwon ke samun ƙarfi da shi. Mai ma ba ɗaya ba ne. Kitsen dabba, da man da ke daskarewa, da wanda aka ƙona aka sake ƙonawa, masu bincike sun fi zarginsu a kan sabon man gyaɗa ko na kifi. Inna ta tambaye ta kai tsaye ko ƙosanta ne ya kwantar da yayarta, tunda kullum shi take ci. Hannah ta ce ba mai iya rantsuwa a kan haka, abubuwa da yawa ne ke haɗuwa, binciken ma bai ƙare ba.

Mashkura ba ta tashi ba. Bayan sadakar bakwai, da rana tsaka, a gaban kowa, Inna ta ɗauki kasko ta juye gindin man uwarta a kwata. Nababa direba yana wurin, shi ya ba ni labari. Glory, shugabar masu suya, ta taso mata da gurguwar Hausarta.

"Mama, kai likita ne? Likitoci ma sun ce ba su tabbata ba. Kana ɓata mana kasuwa."

Inna ta ce, "'Yar nan, tunda ba a tabbata ba, ba zan gwada a jikin matan mutane ba."

Daga nan ba abin da ba a faɗa ba. An ce mutuwar yayarta ta taɓa mata kai, an ce ta raina gadon uwarta. Wasu cikinmu, don rashin ta ido, suka ce ƙosan ya daina daɗi, Inna ta nuna musu rumfar gaba. Ta rage suya, ta ƙaro alale da dafaffen kifi. Duk macen da ta tsaya a gabanta sai ta ji maganar mai, sai kuma an tambaye ta ko tana laluba nononta. Yusra, wata mai shara a ofishinmu, ta ji ƙullutu ta ɓoye don tsoro. Da Inna ta gano, ta kashe wuta da safiyar Litinin, ta kama hannunta har asibiti. Yusra tana nan da ranta, tana aikinta.

A watan jiya ƙungiyar masu suya ta yanke hukunci: ko Inna ta daina zancen mai a tasha, ko ta bar rumfa. Abin ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa aka ba wannan zaɓi, don kawai tana faɗin abin da ta ji a asibiti, ba ƙari ba ragi. Ta tattara kayanta ba ta roƙi kowa ba.

Inna Rakiya mai farin kasko, ke ce kika zaɓi rana a kan inuwar da za a rufe miki baki a cikinta. Ke ce ba ki taɓa yi mana alkawarin abincinki magani ne ba, amma kika ƙi ba mu abin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan Mashkura. Ku kuma masu suya da masu girki a gida, ku yi koyi da ita, ku leƙa ƙasan kaskonku da idon gaskiya.

Yanzu tana bakin kwalbatin bayan tasha, ba rumfa ba benci. Na je na same ta, na ce, "Inna, da kin yi shiru da kina cikin inuwa."

Ta juya ƙosai ta ce, "Rumfa tasu ce, ɗana. Bakin nan kuwa da shi na zo."

Sai ta dubi matar da ke bayana a layi. "Ke, yaushe rabonki da ki duba kanki?"