Layin Gaisuwar Inna

Da Inna ta rasu, a titin gidanmu na unguwar Bani Malik muka jera kujeru, yadda mutanen Jidda ke yi. Bayan magariba 'ya'yan mamaci maza su tsaya a layi, masu ta'aziyya su bi su ɗaya bayan ɗaya, a dafa kafaɗar kowa a ce Allah ya ba da haƙuri. Kwana uku ake yi.

Mu biyu ta haifa, ni da ƙanena. Shi unguwa ta sa a gaba: tafiyarsa, muryarsa, ƙin aure, da abokin da suke zaune tare a unguwar Aziziyya. Wasu su ce ɗan daudu, wasu su ce mai neman maza. Ni ma ban ƙyale shi ba, har kwaikwayon tafiyarsa nake a majalisa don a yi dariya. Amma shekara huɗu da Inna ta yi a kwance, shi ke juya ta, shi ke wanke mata zane, shi ke dama mata kunu. Ni kuwa sai Juma'a in leƙo da ledar lemo, in cika ɗaki da murya.

Ranar farko ya fito da farar riga ya tsaya kusa da ni. Na hango kafilina, ubangidan da takardar zamana ke hannunsa, da surukaina tafe. Na ce wa ƙanena ƙasa-ƙasa, "Yalla, maza shiga ciki ka kula da gahawa."

Ya dube ni. "Yaya, layin fa?"

"Halas, magana ta ƙare, na ce ka shiga."

Ya shiga. Na jawo ɗan kawunmu na tsayar a gurbinsa, mutumin da ko asibitin da Inna ta kwanta bai sani ba. Kwana uku ana dafa ni, ana yaba mini yadda na riƙe uwa, ina amsawa ba kunya ba tsoron Allah.

Na daɗe ina yaudarar kaina wai mutuncin gida na kare. Ƙarya ce, tsoron bakin mutane ne kawai. Yanzu in aka fara yi da irinsa a majalisa nakan tsawatar, amma ihu ne bayan hari, kuma wallahi kunyar ba ta sake ni ba.

Rana ta huɗu da safe, ana kwashe kujeru, na tarar da shi a ɗakin Inna yana naɗe katifarta. Na ce sannu da aiki. Bai ɗago ba.

"Yaya," ya ce, "ka yi mini gaisuwa mana. Ko mutum ɗaya bai yi mini ba. Ni ma uwata ce ta rasu."