Hulunan Baba a Cikin Kwali

Tun bayan rasuwar Inna, Baba ya kama magana guda ya ƙi sakinta: zai koma gida. Gida a bakinsa ba gidanmu na Zongon Kwatano ba ne, inda aka haife ni, inda ya tsufa yana ɗinkin hula a zaure. Wani ƙauye ne can bayan Katsina, wanda ni ko hanyarsa ban sani ba. Hujjarsa kullum ɗaya ce, wai hula ta daina tafiya, samari sun koma sayen ta inji mai araha, to zaman me yake yi?

Ni kuwa na ƙudura a raina babu inda za shi. Ni kaɗai ya haifa, aurena a garin nan yake, 'ya'yana a nan suke karatu a lekol. In dai hula ce matsalar, wallahi sai ta tafi ko ta ƙi.

Sai na fara ɗaukar hulunan hoto ina ɗorawa a waya don mutane su gani. Kai, abin kunya. Zauren Baba duhu gare shi, shuɗiyar hula ta fito baƙa, mai ruwan ƙasa kuma kamar an tsamo ta daga miya. Na fita da su rana, hasken ya cinye zaren, ga ƙafar mai zemijan, wato ɗan acaɓa, a bayan hoton, ga kwata. Wata mata daga Godomey ta aiko tana tambaya ko gwanjo ne. Da na karanta wa Baba, dariya ya yi har da tari. Ni ban ga abin dariya ba.

Maƙwabciyarmu mai sayar da turare ce ta nuna mini yadda take ɗaukar kwalabenta hoto a cikin kwali. Washegari na je kasuwar Gbégamey na samo babban kwalin sabulu, da farar takarda mai kauri, da ƙwayayen fitila biyu farare, waɗanda muke kira ampul. Na zauna a zaure na sa reza na huda taga a dama, taga a hagu, wata a sama, na bar baki kamar faɗin yatsu uku don kada kwalin ya rushe. Takardar na liƙe ta daga saman baya, na sake ta ta gangaro ƙasa a lanƙwashe ba tare da na karya ta ba, don kada kusurwa ta fito a hoto.

Baba yana kallona ta saman tabarau, allura a hannu.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "akurkin kaji kike ginawa?"

"Shagonka nake ginawa, Baba."

"To Allah ya kawo kasuwa. Ina ƙofar shiga?"

Saura abin rufe tagogin, wanda zai tace hasken ya yi laushi. Na sa farar leda, zafin ampul ya narkar da ita, zaure ya cika da ƙauri. Na sa siririyar takarda, ga damina, danshin Kwatano ya sa ta saki jiki ta yage. Raina ya ɓaci, na ture kwalin gefe ina mita ni kaɗai.

Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsohon rawaninsa, fari, wanda wanki ya mayar shara-shara. Ya ajiye mini a cinya.

"Yanka."

"Haba Baba, rawaninka?"

"Ya gama aikinsa a kaina. Yanka mana."

Na yanka. Na liƙa ƙyallen a tagogin, na ajiye ampul ɗaya dama ɗaya hagu, na kunna. Cikin kwalin ya yi fari tas, babu inuwa ko ɗaya. Muka sa wata koriyar kube a tsakiya na ɗauka. Koren ya fito kore, kowane ɗigon zare a wurinsa.

Na miƙa wa Baba wayar, na nuna masa yadda ake jan hoto da yatsu biyu ya yi girma. Ya daɗe yana kallo. Idonsa ya jima da yin rauni, da hannu yake ɗinki fiye da ido, ni ce ban lura ba.

"Ashe haka take," ya ce a hankali.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kullum bayan la'asar, in akwai kuran, wato wutar lantarki, muna gaban kwali. Aka fara kira daga Godomey, daga Sèmè, har fataken shanu suka riƙa tsayawa a zaure da hoto a waya suna cewa irin wannan suke so. Baba ya daina zancen gida. Ni kuwa sai ɗaga kai nake a unguwa, ina jin na yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi.

Hoto ba ya zama inda aka ajiye shi. Daga waya zuwa waya, koriyar kuben nan ta isa ƙauyensu, hannun Gwaggo, ƙanwar Baba. Ina zaune a gefensa ta kira, kuma muryarta a buɗe take ina ji.

"Yaya, an nuna mini wata hula. Tun ba a faɗa ba na ce taka ce. Ɗan zoben nan da kake rufe tsakiyar kai da shi, ai ɗinkin babanmu ne. Na yi zaton ya tafi da shi." Sai ta ƙara da cewa, "Mu biyu muka rage, Yaya. Ka zo in gan ka tun ina gani."

Baba ya ajiye wayar, ya ɗauki allura, bai yi ɗinki ba.

Na ji haushin Gwaggo, na ji haushin kwalin, na ji haushin kaina da na sa zoben nan ya fito sarai. Kwana biyu ban kunna ampul ba. Da ya fara haɗa kayansa na tsaya a ƙofar ɗaki.

"Ka ce hula ba ta tafiya. Ga ta tana tafiya. Yanzu kuma mene ne?"

"Uwata, ke ma kin san ba hula ba ce."

Na sani. Tun farko na sani, na dai fi son abin da reza da kwali za su iya gyarawa.

Ƙarshen damina na raka shi tasha. Ya bar mini hulunan da suka rage, ya ce in sayar, ban sayar ba. Yanzu muna waya in layi ya yarda, muryarsa tana zuwa tana yankewa. Kewarsa nake yi, kewa mai tsanani, musamman in la'asar ta yi na wuce zauren a rufe.

Wata rana na so in ga fuskarsa kawai. Na buɗe waya ina nema. Hula, hula, hula. Baba bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, ni kuma duk zaman da muka yi gaban kwalin nan, hankalina yana kan zare. Can ƙasa na tarar da wani hoto da na ɗauka a gaggauce, ya sa hannu zai gyara wa hular zama. Na tuna har tsawa na yi masa, na ce ya cire hannunsa yana ɓata mini aiki. Babban yatsansa ne kawai ya shigo ta gefe, da kantar allura a kansa.

Shi nake buɗewa. In ja shi da yatsu biyu har ya cika wayar, in zauna ina kallo.