Baba Kyari a Kan Sikeli

A filin jirgin sama na Kano, nan bayan Fagge, ana auna fasinjojin ƙaramin jirgin Maiduguri, kowa da kayansa. Akawu ya kira Kyari, sai ga wani dogon dattijo mai zanen Barebari, riga uku a jiki, buta a hannu.

Bai yarda ya hau ba tukuna. Yana zagaya sikelin, yana leƙa ƙarƙashinsa, yana hararar ƙafar akawu. Na rantse mutumin nan ya shekara talatin yana kai gyaɗa kanti ana tokare sikeli da ƙafa ana tauye masa awo.

Da ya hau, allura ta tsaya, akawu ya faɗi nauyinsa.

"Ƙarya ne! Malam, janye ƙafarka. Wallahi na fi haka!"

"Baba, ai ba sayenka za mu yi ba. Nan rashin nauyi ake so, don jirgi ya iya tashi da kai."

Dattijon ya kalli jirgin ta taga. Can ya ajiye butar, ya tuɓe riga biyu, ya cire takalma.

"To, sake aunawa, ɗana. Wannan karon sa ƙafar taka, yadda kuka saba."