Gefen Takardar Baba

Jiya na buɗe kwamfuta na tarar wata baiwar Allah daga Lambara ta turo gyara a manhajar nan tamu ta tace bayanan manoma, wadda muka bari a buɗe kyauta don kowa ya sa hannu. Ashe tun farko na saka ƙauyen Mandera ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bodinga, alhali na Shagari ne. Duk wanda ya yi aiki da manhajar, manoman ƙauye guda sun ɓace masa.

Gaskiya da farko raina ya sosu. Ni ɗan Bodinga, a gyara mini ƙauyukan gida?

Sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Malami ne, yana kwafar littattafai da hannu a zaurenmu, kuma kullum sai ya bar fili mai faɗi a gefen takarda. Wata rana na ce, "Baba, ga takarda da wuyar samu, ba a cike gefen nan?"

Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Wurin ga ba nawa ba na. Na wanda za ya ga abin da ban gani ba na."

Littattafan suna wurina har yau. Gefensu cike da tawada iri-iri, hannun mutanen da ban taɓa sani ba.

Na karɓi gyaranta, na yi godiya.

Ba sai ka iya haɗa manhaja ba. In ka san sunan ƙauyenku daidai, rubuto mini shi a ƙasa. Ni ma na bar gefe.