Jinin Tsoho Pang

Shekara talatin Tsoho Pang ya yi a ɗakin gwajin jini na asibitinmu, a wani garin haƙar kwal a Shanxi ta ƙasar Sin, ni kuma nas ce a ɗakin yara. Siririn mutum ne mai ƙunƙuni, kullum abincinsa taliya da tafarnuwa. Hannunsa na hagu duk tabon allura, don in gwaji ya buƙaci jinin mai lafiya, nasa yake zuƙa. Mukan tsokane shi, "Tsoho, wata rana a kwalba za ka ƙare." Sai ya ce, "In ɗebi naku? Gulma ce zalla, ina za ta daskare!"

Shekarar da zai ajiye aiki aka kawo Tiedan, ɗan shekara huɗu. Ya yi zazzaɓi ya warke, sai dasashinsa ya hau zubar da jini, cinyarsa ta kumbura ta yi baƙi. Likita ya ce ciwon nan ne na rashin daskarewar jini da ake gado ta wajen uwa, wanda ba ya warkewa. Kakar yaron ta harari surukarta Guizhi, uwar yaron, ta ce, "Kin ji ko? Gubar gidanku kika kwaso mana." Guizhi ba ta sake ɗaga kai ba.

Pang bai yarda ba. Ya gauraya ruwan jininsa da na yaron, ya ajiye a ruwan ɗumi awa biyu. In ciwon na gado ne, nasa zai cike abin da na yaron ya rasa, ya daskare a kan kari. Amma ya ƙi daskarewa. Pang ya ce jikin yaron ne da kansa ke yaƙar abin da ke tsayar da jini, kuma maganin daban ne. Likita ya ce a jira tabbaci daga babban birni. Har yau abin yana ƙona min rai.

Sai bayan sati uku takardar ta iso, an riga an binne Tiedan. Maganar Pang ce a ciki.

Na raka shi a bas har ƙauyen iyayen Guizhi, inda ta koma bayan an kore ta. Muka tarar tana ɓarar masara. Ya miƙa mata takardar da hannu biyu, ya ce, "'Yata, ba daga jininki ba ne."

Ta daɗe tana kallon takardar. "Kawu, irin wannan yana da magani?"

Pang bai iya ƙarya ba. "Yana da shi."

Ta mayar masa da takardar. "Da ka bar ni da laifina, Kawu. Da shi ko ba komai ina cewa ba yadda za a yi."