Farin Layin da Muntaka Ya Bari a Kan Soronmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 4 ga Yuni, 2024, ina cikin aji a makarantarmu ta Yammedi aka sanar da ni rasuwar Muntaka Audu, mai gyaran waya a kasuwar Karaye, bayan jinyar kwana biyar. An yi jana'izarsa bayan azahar. Har yau in na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai na ɗaga kai.

Muntaka, mun haura shekara ashirin tare, ban taɓa yarda da maganarka a karon farko ba. Haka muka yi a kan rauta, akwatin nan mai raba intanet a gida. Na sayo ta kamfani ne domin mahaifiyata, Inna Maiturare, ta riƙa ganin autarta Bahijja da aure ya kai Fatakwal. Amma sabis ba ya isowa gidanmu da ƙarfi. Fuskar Bahijja sai ta daskare, baki buɗe, Inna tana shafa gilashin waya tana cewa, "Yi magana mana, 'yar nan."

Ka ce a ajiye ta kamfanin, a sa wata mai karɓar kowane layi, wadda ake jona wa eriya daga waje. Na ce, "Kai ka fi kamfani sani ke nan?" Ka ce, "Kabiru, kamfani bai taɓa zuwa Yammedi ba. Ni na zo."

Ka zo da ita ɗaure a bayan babur, ka zare layin daga tsohuwar ka sa a sabuwar, ka hau soro da dogon ƙarfe. Har yanzu da la'asar nakan ga kamar kana can sama, rigarka tana kaɗawa, kana juya eriya a hankali zuwa turken sabis na Karaye, wanda ni ko hango shi ba na yi. Kana ta kiran, "Ya shigo?" Ka ce wa Inna iska ma tana da burtali, muryoyi suna bi kamar shanu, in aka dace da hanyarsu da kansu za su shigo gida. Tun ranar in ta zauna a tsakar gida sai ta dubi sararin sama a kan gonakin dawa, wai ko za ta ga wucewarsu.

Iskar farkon damina ta juya eriyar ranar Alhamis, kwana biyar kafin rasuwarka, sabis ya ɗauke. Na kira ka, ka ce zazzaɓi ya kwantar da kai. "Hau ka duba, na bar maka alama." Na ce malamin makaranta ba ya hawa soro, zan jira ka ka warke. Ka yi dariya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ina jin ciwon ta, don ko dubiya ban je ba.

Bahijja ta haihu washegarin binne ka. Kwana shida Inna ba ta tayar mini da maganar eriyar ba, ta san halin da nake ciki. Ranar suna da hantsi ta ce, "Kabiru, yau ma ba zan ga jikata ba?"

Na ari tsani na hau. Ashe ka ja farin fenti daga jikin ƙarfen har zuwa mariƙinsa na bango, layi ɗaya miƙaƙƙe. Iska ta raba shi biyu. Na kama ƙarfen ina juyawa har layin ya haɗe. Ban sauko ba na ji Inna daga ƙasa tana ce wa Bahijja a waya, "Ɗago mini ita, in ga fuskarta da kyau." A can sama na zauna na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinka Malam Audu, da maiɗakinka Talatu, da 'ya'yanka, da abokan sana'arka na Karaye da Rogo. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Kamar yadda ka sada uwa da 'yarta, Allah Ya sada ka da rahamarSa. Amin.