Mama Mai Keke da lambar Autanmu

Duk ranar Asabar, tun kafin a gama share harabar coci, Mama Mai Keke ta riga ta buɗe ɗan ɗakin da ke bayan ofishin Fasto. Za ta yaye zanin da ta rufe keken ɗinkinta da shi, ta ɗiga masa mai, ta ɗora gwangwanin lambobi a kan benci, sannan ta saka tabarau. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana haka. Duk lambar da ka gani a hannun rigar wani yaro na ƙungiyar yara maza ta cocinmu, ko ta ɗaurin igiya ce, ko ta kafa tanti, ko ta hura wuta, ko ta agajin gaggawa, ita ta ɗinka ta. Kwamandan ƙungiya ne ke gwada yara a daji, Fasto ne ke miƙa lamba a gaban jama'a ana tafi, amma sunan wadda ke manna ta a riga ban taɓa jin an ambata ba.

Tana da doka guda, kuma ba ta sassauta wa kowa. Ba a aiko mata da riga. Yaron da ya ci lamba shi zai kawo da kansa, ya tsaya a gabanta ya faɗi yadda ya same ta. Ni kaina dokar nan ta taɓa kama ni. Na kai mata lambar hura wuta ina ta cika baki cewa da tsinken ashana ɗaya na tayar da ita, ga itacen jiƙe. Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, wannan aljihun naka me ya sa yake warin kananzir?" Kai, ranar na so ƙasa ta tsage in shige! Ba ta kai ƙarata ba. Ta mayar da lambar cikin gwangwani ta ce in je in samo ta da hannuna. Sai da na sake gwajin bayan wata biyu.

Amma ba don kaina nake wannan rubutu ba, don ƙanena ne, Autanmu.

Auta gwanin daji ne. Yana shekara goma sha uku ya fi ni iya komai, abin har haushi yake ba ni. Ya ɗaure igiya idonsa a rufe, ya kafa tanti kafin mu gama musun inda ƙofa za ta kalla. Lamba ɗaya ce ta gagare shi, ta haddar ayoyi, wadda sai yaro ya tsaya a gaban ikilisiya ya kawo aya goma sha biyu da ka. Auta yana da in'ina mai tsanani. Ayoyin suna kansa tsaf, fitowarsu ce aiki. Sau biyu yana gwadawa, sau biyu yana maƙalewa a kalmar farko, yara na dariya ƙasa-ƙasa. In babu wannan lamba ba ya hawa ajin manya. Sa'o'insa za su wuce, su tafi babban zango na ƙarshen shekara, shi ya zauna da ƙannen bayansa.

Babanmu ya so ya roƙi Kwamanda a ɗauke masa. Auta ya ƙi, ya ce ba ya son lambar tausayi. Wata Asabar ya ninke rigarsa ya nufi ɗakin Mama, ni kuma na bi shi. Da ƙyar ya iya gaya mata ta cire lambobin ta ba wani, shi ya bar ƙungiya.

Mama ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba. Ta karɓi rigar ta ajiye, ta yamutsa fuska ta ce, "Zan cire, amma yau ƙafata ke ciwo. Zo ka zauna nan ka taka mini keken, in gama na hannuna tukuna."

Ya zauna gefenta ya ɗora ƙafa a feda. Ta ce ya riƙa ƙirga takun da ƙarfi don ta san inda za ta juya. Ɗaya, biyu, uku, har ashirin, Auta bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Na buɗe baki zan yi magana, ta harare ni, na haɗiye. Can ta ce, "Auta, ayar nan ta farko ta shige mini, yaya ma take?" Ya kawo ta, kalma ɗaya a kan taku ɗaya, ƙafarsa na tafiya bakinsa na bi. Da ya kai ƙarshe ya tsayar da keken yana kallonta. Ta ce, "Wa ya ce ka tsaya? Riguna takwas ke jirana."

Ƙafar Mama ta yi sati shida tana ciwo, kuma ranar Asabar kaɗai take tashi.

Ran da aka sa don gwajin ayoyi, Auta ya fita gaban ikilisiya, ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Coci ya yi tsit. Mahaifiyarmu ta sunkuyar da kai. Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga ɓangaren mata. Mama Mai Keke ce ke buga takalminta a katakon benci, daidai takun kekenta, tana kallon gabanta kamar ba ita ba. Auta ya ɗaga diddige ya bi ta. Ya kawo sha biyun nan cif. Mahaifiyarmu ta yi kuka, ni ma ban tsira ba.

Ba zan ce in'inar ta warke ba, har yau tana nan. Amma Auta bai bar ƙungiya ba, kuma yau shi ne Kwamanda. In ka lura da ƙafarsa ta dama sa'ad da yake karanta sunayen yara, za ka ga tana motsi.

Mama, ke ce kika riƙe mana yaron nan ranar da dukanmu muka rasa abin faɗi. Ke ce mai gyara yaro ba tare da kin kunyata shi ba. Rigunan da suka bi ta hannunki sun fi dubu, masu su yau wasu direbobi ne, wasu malamai, wasu na renon nasu 'ya'yan, kuma kowa yana da labarin tsayuwarsa a gabanki.

Yanzu ido ya yi rauni, zare ba ya shiga allura sai jika ya taimaka, don haka ta ajiye aiki. Lahadin da ta wuce Auta ya kira ta gaban ikilisiya, ya miƙa mata lamba ta farko a rayuwarta, wadda ya ɗinka da hannunsa. Ta juya bayanta ta shafa ɗinkin ta ce, "Kwamanda, wannan karkataccen aikin ba a ɗakina ka koya ba." Jama'a suka fashe da dariya.

Auta ya ce, "Mama, akwai doka. Sai kin faɗa mana yadda kika same ta."

Ta ce, "Ni me na yi, ɗana? Ƙafata ce ta yi ciwo."

Ya ce, "Wacce daga ciki?"

Ta duba ta dama, ta duba ta hagu, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya har da hawaye.

Mun gode, Mama. Ubangiji ya saka miki, ya ƙara lafiya, har da ta ƙafar. Ku kuma 'yan'uwa, keken yana nan a ɗakin bayan ofis, an ɗiga masa mai, gwangwanin lambobi a cike. Wanda zai zauna a kansa ba sai ya gwanance a ɗinki ba, in dai zai saurari yaro har ya gama maganarsa. Asabar mai zuwa yara tara za su zo da rigunansu.